Ranar da Jirgi Marar Direba Ya Tafi da Babana

Ban yar da mahaifina ba. Da wannan zan fara, domin wata biyu ke nan ana faɗin haka a kaina, daga gidanmu a Ƙofar Marusa har gidan gwaggona a Ƙofar Sauri, wasu da dariya, wasu da taɓe baki. Ƙofa ce ta rufe tsakanina da shi, a wata ƙasa da ba ya jin yarensu, idonsa na dama a naɗe, na hagun kuma dama inuwa kawai yake gani da shi. Na san abin ba ƙarami ba ne. Ba sai an tuna mani ba, ni nake wurin. Amma tunda kowa ya ba da nasa labarin, har waɗanda ko Kano ba su taɓa kwana ba, ni ma zan ba da nawa.

Baba direba ne. Ƙarfinsa duk a kan titi ya ƙare, yana jigilar fasinja tsakanin Katsina da Kano, kafin ido ya zaunar da shi. Muna yara yakan ɗauke mu zuwa ƙauye, kuma na ga yadda yake aikinsa. Ba ya tayar da mota sai ya waiwaya ya ga kowa ya zauna. In tsohuwa ta ce ta manta ƙullinta a gindin bishiya, kashe motar yake yi gaba ɗaya ya jira ta. In mota ta fara tafiya wani ya daki jikinta da tafin hannu sau biyu, birki ne nan take, ko da bai san wanda ya daka ba. Haka duk direbobin tasharsu suke. Na taso da sanin cewa abin hawa yana jin magana, in dai ka ɗaga murya.

Da ciwon ya yi tsanani, likitocin nan suka ce matsalar can bayan ƙwayar idon take, aiki ne da sai an fita waje, kuma ido ɗaya za a fara, bayan wata uku a koma a yi ɗayan. Babban yayanmu, wanda yake aikin gwamnati yana zaune a GRA, shi ya yi duk cuku-cukun tafiyar, amma bai samu hutu ba. Inna ga ciwon gwiwa. Yayyena mata kowacce da goyo. Sai aka duba aka ga ni, auta, na gama sakandare ina ɗinki a gida, Turancina kuma zai iya tambayar hanya. Babu wanda ya ce ni na fi dacewa. Ni ce dai na rage.

Sati uku muka yi a can. Ni nake ɗiga masa magani sau huɗu a yini, kala uku, kuma akwai wanda sai an dakata kaɗan kafin a bi shi da ɗan'uwansa. Ni nake kama hannunsa zuwa bayi in tsaya a bakin ƙofa. Ni nake zuba masa ruwan alwala ina kare idon da tafina kada ya jiƙe. Ni na gano alƙibla da waya, na gano shagon da ake samun garin masara, na tuƙa masa tuwo a wata 'yar tukunya da ba ta fi ta dafa shayi ba. Wannan duk babu mai ba da labarinsa.

Ranar da muka sauka a ƙasar, motar asibitin ce ta ɗauko mu daga filin jirgi. Ranar dawowa sai aka ce mu hau jirgin ƙasa zuwa babbar tashar gari, daga nan akwai wani ƙarami da zai kai mu har cikin filin jirgin sama. Da hantsi muka isa. Muka hau sama, muka fito wani dogon ɗaki mai bangon gilashi, da ƙofofi a jere a jikin gilashin, duk a rufe. Ta bayansu ina hango layin dogo a kan wasu dogayen ginshiƙai, ya bi ta saman tituna ya tafi. Jirgin ya shigo ba ƙara ba hayaƙi, gajerun taragai uku, ya tsaya daidai saitin ƙofofin, sai na bangon da na jirgin suka buɗe tare.

Kayanmu akwati biyu ne da jakar hannu. Na yi abin da kowa zai yi a tashar mota: na fara shigar da mutum kafin kaya. Na tsallakar da Baba, na ɗora hannunsa a kan wani ƙarfe da ke tsaye a tsakiyar taragon, na ce, "Baba, riƙe nan, bari in ɗauko kaya." Na fito. Ina jawo akwatin farko sai ga wata tsohuwa da sanda ta nufo ƙofar tana ɗingishi. Na ja baya na ba ta hanya. Me ake so in yi, in bangaje ta? Tana shiga wani abu ya fara ƙara a sama, ƙit, ƙit, ƙit. Ni kuwa sai na juya wajen kan jirgin, na ɗaga hannu, na ce da ƙarfi, kuma da Hausa, "Direba, a dakata, akwai kaya!"

Eh, na faɗa. Wannan kam ba sharri aka yi mani ba.

Ƙofofin suka haɗe. Na daki gilashin da tafin hannu sau biyu, na ƙara biyu. Jirgin ya zame ya tafi kamar an ja tabarma.

Wayar Baba tana jakata. Fasfonsa yana jakata. Maganinsa, takardun asibiti, duk suna wurina. Abin da ke aljihunsa carbi ne da hankici. Na tsaya ina salati a fili, mutane suna kallona suna matsawa gefe. Ba a jima ba wani jirgin ya shigo, irin na farko sak, kuma a nan na kalli gabansa da kyau. Babu sitiyari, babu kujerar direba, babu kowa. Gilashi ne fayau, da wata mata a zaune tana latsa waya a inda ya kamata a ce direba yake. Ashe iska na yi wa magana.

Na ja akwatunan na faɗa ciki. Tunanina ɗaya ne: in bi shi. Zan same shi a can ya sauka yana tsaye, ko wani ya zaunar da shi.

A tsakiyar hanya layin ya rabu gida biyu na ɗan tsawo kafin ya sake haɗewa. Muna shiga ɓangare ɗaya sai ga wancan jirgin a ɗaya ɓangaren yana dawowa. Na ga Baba. Yana tsaye inda na bar shi, hularsa a kai, baƙin tabarau a fuska, hannunsa a kan ƙarfen nan. Tsakaninmu bai fi faɗin tabarma ba. Na ƙwala ihu na kira shi, na daki gilashi, ya wuce. Ashe bai sauka ba, jirgin ya juyo da shi zai mayar da shi inda muka rabu.

Da muka isa filin jirgin kowa ya fita, ni na ƙi fita. Na ce tunda ya koma can, ni ma can zan koma. Ƙofa ta rufe, muka juya. A daidai wurin nan na tsakiya, ba gaba ba baya, muka sake giftawa. Wannan karon a zaune yake, wani ya zaunar da shi, amma ya miƙa hannu yana riƙe da ƙarfen, bakinsa yana motsi. Shi ya nufi filin jirgi, ni na nufi tashar da muka baro. A nan hankalina ya bar jikina. Ban san me nake faɗa ba, na dai san muryata ta dashe.

Jirgin na tsayawa wata ma'aikaciya ta shigo, mace ce babba mai jiki, da riga mai ƙyalli da 'yar rediyo a kafaɗa. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta jawo akwatunan waje, ta ce da Turanci, "Fito." Na ce ba zan fito ba, babana yana can. Ta kama wuyan hannuna, riƙo na gaske, ta fito da ni. Ina tsaye ina kallo ƙofa ta rufe, jirgin ya tafi inda babana yake, ba ni a ciki. A duk ranar nan babu abin da ya fi wannan yi mani ciwo. Da ina da ƙarfi da na cije ta.

Ta karɓi ambulan ɗin asibiti da ke hannuna, ta juya bayansa, ta zaro biro. Ta zana wata doguwar da'ira kamar zobe da aka miƙe, ta yi ɗan akwati a wannan gefen, ɗan akwati a wancan gefen. Tana magana a hankali tana nuna mani da biron. Ta ce jiragen nan ba su da inji a jikinsu. Igiyar ƙarfe ce ɗaya, an haɗe bakinta biyu, ta tashi daga nan ta je filin jirgi ta zagayo. Dukansu biyun a jikinta aka ɗaure su, ɗaya nan ɗaya can. Ta buga ƙafa a ƙasa ta ce a ƙarƙashinmu akwai wata ƙatuwar taya, injin lantarki ke juya ta, ita ke jan igiyar. In ta juya haka, ɗaya ya tafi ɗaya ya taho. In ta tsaya ta juya baya, su musanya. Ta ɗora biron a tsakiyar zanen ta ce, "Ke da babanki igiya ɗaya ke janku. In kika yini kina bin sa, a nan za ku yini kuna wuce juna. Tsaya. Igiyar za ta kawo maki shi."

Ta nuna mani ta gilashi. Ga igiyar kuwa a tsakanin layin, kaurinta kamar na rake, tana gudu a kan wasu ƙananan tayoyi, kuma ina jin wani gurnani a tafin ƙafata wanda da ban kula da shi ba. Ta ce akwai mutane a wani ɗaki suna kallon kowane tarago ta kyamara. Tun giftawar farko suka gan mu, har sun yi mani magana ta lasifika sau biyu, ihuna ne ya hana ni ji. Ƙofar ba ta jin kira, lokaci aka yanka mata. Amma ga wani maɓalli a bango, ta taɓa shi da yatsa, da na danna shi da mutum ya amsa mani.

Sai ga jirgin ya shigo. Ƙofa ta buɗe daidai inda yake zaune. Na shiga na durƙusa na kama gwiwarsa. Ya shafa kaina, ya taɓa bakin hijabina ya ce, "Auta, ke ce? Ina kayan?" Ma'aikaciyar ta riƙe mana jirgin da rediyonta har muka shigar da akwatunan. Da muka isa filin jirgi na zaunar da shi, na shiga bayi na yi ta amai.

Ni ban gaya wa kowa ba. Baba ne ya ba da labarin, ranar da muka dawo, ɗaki cike da masu sannu da zuwa. Ya ji kiran da na yi wa direba kafin ƙofa ta rufe, kuma ya iya kwaikwayon muryata. Aka yi ta dariya har da masu share hawaye. Shi a wurinsa labarin tafiya ne, irin wanda direbobi ke dawowa da shi. Kafin sati ya zagayo sunana ya koma Direba. In na shiga gidan suna, sai wata ta ce, "A dakata, akwai kaya!" mata su kwashe. Gwaggona, ƙanwar Baba, ita ba ta dariya. Ta ce a gabana, "Dama wa ya aiki yarinya da makaho ƙasar da ba a san kowa ba? Allah dai ya tsare, da yanzu muna zaman makoki babu gawa."

Ba su san ba na iya shiga banki yanzu ba. Ƙofar nan mai rufe kanta, in na tsaya gabanta, sai in juya in ce layi ya yi yawa. A napep, in direba ya ja kafin wadda muke tare ta gama shigowa, sai in ji na daka masa tsawar da ban shirya ba.

Sati biyu da suka wuce Yaya ya zo bayan sallar Juma'a, ya ci abinci, ya wanke hannu, ya ce ya yanke shawara. Tafiya ta biyu ɗan Gwaggo ne zai raka Baba. Namiji ne, ɗan kasuwa, ya taɓa zuwa Umara, ya san jirgi. Ya ce, "Auta ta yi ƙoƙari, amma a bar ta ta huta." Baba kuwa, tun da ya daina gani ba ya musu da Yaya, yana jin nauyin ɗawainiyar da yake yi.

Ba zan ɓoye ba, abin da na fara ji sauƙi ne. Na ce shi ke nan, ba zan sake ganin ƙofar nan ba. Sai da na koma kan keken ɗinki na fara takawa, sannan abin ya taso mani. Wato an gama ke nan. Sati ukun nan duk an shafe, an bar mani minti kaɗan a bakin ƙofa, kuma da su za a san ni har in tsufa. Kuma wa zai kare masa ido in yana alwala? Mutumin da ko ruwa bai taɓa miƙa masa ba? Baba da ba ya iya cewa a kai shi bayi sai in na lura da yadda yake gyara zama?

Ina takawa ina kallon ƙafata, babbar tayar ƙasa tana juyawa, igiyar tana hawa tana sauka tana juya ta sama. Na tsaya. Na ɗauko ambulan ɗin nan na sake duba zanen. Daga ranar na shiga neman bidiyon irin jirgin a waya, ina kallo ina maimaitawa, inda Turancin ya fi ƙarfina in tsayar in duba ma'ana. Na ga ɗakin injin da ƙatuwar tayar, ta fi mutum tsawo. Na ga wani nauyi da suke ratayawa yana jan igiyar don kada ta saki, kamar yadda nake rage tsawon ta kekena in ta yi sako-sako. Na ga yadda ƙasan taragon yake damƙe igiyar da wani abu kamar haƙora. Na ga birkin ma ba a jirgin kaɗai yake ba, babbansa a jikin tayar yake, ita ake kamawa kowa ya tsaya. Farkon kallon kawar da kai nake yi in na ga ƙofar ta rufe. Ban daina ba.

Bayan kwana takwas, ranar Asabar da la'asar, Yaya ya zo da ɗan Gwaggo, za su ɗauki takardun asibiti don a fara shirin bizarsa. Ɗan Gwaggo taubashina ne, don haka ko a gaban manya ina da damar in faɗa masa abin da na ga dama, shi ma haka. Da wannan damar na shirya. Tun da rana na kwance igiyar shanya, na zagaya ta jikin ƙarafan rumfa biyu, na ƙulle bakinta, na ɗaura kofin silba ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan, kowanne a nasa gefen.

Suka gaisa da Baba da Inna, an wuni lafiya, ya jiki, ya ƙarfin ido, ya mutan gida, ya kasuwa. Ɗan Gwaggo yana ganina ya washe baki.

"A'a, Direba! An wuni lafiya? Yau ina za a kai mu?"

"Inda ba ka dawowa, Alhajin sati biyu," na ce. "Zo ka ga wani abu, tunda an ce ka san jirgi."

"Ni da na ga abin da duk gidanku ba a gani ba?"

"To zo mana."

Ya taso yana dariya. Yaya yana zaune kan kujera da takardu a cinya, yana kallonmu ta saman tabarau. Na nuna kofin da ke kusa da mu na ce, "Wannan jirgi ne, Baba na ciki. Ƙofa ta rufe ta bar ka a waje." Na ja igiyar, kofin ya tafi can ƙarshen rumfa, ɗayan ya taho ya tsaya gabansa. "Ga wani ya zo. Mi za ka yi?"

"Wannan ma tambaya ce? Sai in faɗa ciki in bi shi."

"Shi ne mana," in ji Yaya daga inda yake.

Na ja. Kofunan suka haɗu a tsakiya, suka gogi juna, ƙwal, suka wuce. Nasa ya isa can, na Baba ya dawo nan.

"Ka same shi?"

"To ai sai in juyo."

Na ja baya. Ƙwal. "Ka same shi?"

Inna da ke bakin madafi ta fashe da dariya, ta toshe baki da mayafi. Ɗan Gwaggo ya sosa ƙeya. "Kai, wanga jirgi na aljanu ne. To ya ake yi?"

"Sauka ake yi, a tsaya wuri ɗaya, a danna maɓallin bango. Abin da ka faɗa shi na yi, Alhaji. Shi ne abin da ake mani dariya a kai wata biyu."

Yaya ya cire tabarau. Ransa ya fara ɓaci, na san alamar. "Na ji, kin iya wasa da igiya. Amma tafiya ba jirgin nan kaɗai ba ne. Ruɗewa kika yi, auta. Har amai aka ce kin yi."

Ban taɓa mayar wa Yaya magana ba tun da nake. Na ce, "Na yi, Yaya. Na ruɗe, na yi ihu, na yi amai. Amma ni na riga na yi nawa kuskuren, na san inda yake. Shi bai fara nashi ba, kuma a kan Baba zai koya. Ka tambaye shi wane magani ake fara ɗigawa."

"Ai sai ki rubuta mani," in ji ɗan Gwaggo, amma a hankali ya faɗa.

"Ke, ki iya bakinki," in ji Yaya.

"Ba rashin kunya nake maka ba. Ni na kai shi, ni na dawo da shi, da idonshi da kayanshi. Ni zan koma da shi."

Sai Baba ya ce daga kan tabarmarsa, "Ku kai ni wajen igiyar nan in ji."

Na kama shi na tayar, na ɗora hannunsa a kai. Ya bi ta da yatsu har jikin ƙarfen, ya zagayo, ya taɓa ƙullin, ya taɓa kofin. Ya ja a hankali, yana karkata kai yana saurare, har kofunan suka gogi juna. Ya ja baya. Ya sake ja. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe direban na nan, a ƙasa yake zaune, yana jan mota biyu da hannu guda." Sannan ya juya wajen da yake jin numfashin Yaya.

"Akwai abin da ban faɗa ba cikin labarin nan. Da jirgin ya kai ni can karo na biyu, wani ma'aikaci ya shigo zai hidda ni. Da ladabinshi, har da dafa kafaɗa. Ban san mi yake cewa ba, shi ma bai san mi nike cewa ba, amma na ƙi. Ɗiyata ta ɗora hannuna kan ƙarhe ta ce in riƙe za ta dawo. Sati uku ba ta taɓa ce mani za ta dawo ta ƙi dawowa ba. Mi zai sa in bi wani?" Ya saki igiyar. "Na ba da labarin don a yi dariya, ban san da shi za a yanke mata hukunci ba. Wannan laihina ne. Kai ka yi ɗawainiya, Allah ya yi maka albarka. Amma da ita zan tahi."

Yaya ya tattara takardun, ya daidaita bakinsu a cinya, ya daɗe yana daidaitawa. Ɗan Gwaggo ya ce, "Ni dama kasuwa ba ta son a bar ta. Direba, a sauka lafiya, a riƙa duba madubi." Na ce masa ya je ya koyi ƙirga kofuna.

Na raka su zaure. Yaya yana sa takalmi, bai kalle ni ba, ya ce, "In wuta ta ɗauke kuna tsakiya, can sama, sai yaya?"

"Akwai wani injin na ko-ta-kwana, shi zai juya tayar a hankali har a kai tasha. In shi ma ya ƙi, akwai 'yar siririyar hanya a gefen layin, ma'aikata za su zo su fitar da mutane. Ba a taɓa ƙofa, zama ake yi a jira su."

"Gani kika yi ko a waya?"

"Injin a waya. Hanyar kuma da idona, sau uku na wuce ta."

Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa. Ya miƙo mani takardun asibitin. "Litinin ki same ni a ofis da hotunanki. Ƙarfe tara, ba tara da rabi ba."

Bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban jira ya faɗa ba. Gwaggo tun ranar in na gaishe ta da ka take amsawa. Saura kwana tara mu tashi, kuma duk wanda ya tambaye ni ko tsoron ya tafi, gaskiya nake gaya masa: bai tafi ba, ko kaɗan. Da shi zan hau.